Jar Filta da Shuɗiya, Shekarar da Mma Ta Je Makka

Shekarar da mahaifiyarmu ta tafi aikin Hajji, ni da yayana mun kusa daina gaisawa a kan matatar iskar mota, wadda kowa a unguwarmu ta Nima ke kira filta. Yau in na tuna, dariya nake yi har da hawaye, amma a lokacin ko kaɗan ba wasa nake yi ba.

A gidanmu, da ma duk layinmu, ranar da alhaji ko hajiya za su sauka, maza ne ke zuwa tarba da jerin motoci, mata su tsaya wajen tukwane. Babban ɗa shi ke ɗauko mai dawowa a motarsa, a gaba, sauran su biyo baya da oda da kabbara har ƙofar gida. Lokacin da marigayi babanmu ya dawo daga nasa Hajjin, ina tsakar gida ina yanka albasa. Ƙarar motocin kawai na jiyo ta kan katanga, kafin in wanke hannu in fito an riga an shige da shi ɗaki. Abin nan ya tsaya mini a rai shekara da shekaru. Yanzu kuwa na girma, ina da 'yar motata da nake kwaso gyale da atamfa daga kasuwar Tudu zuwa shago, kuma na ƙudura a zuciyata cewa ni zan ɗauko Mma.

Allah kuwa ya ba ni ƙofa tun ranar tafiyarta. Yaya ne ya ɗauke ta zuwa sansanin alhazai, ina biye da su. A hawan nan na Mamobi motarsa ta yi tari, ta yi shiru, sai da samari suka tura. Mma ba ta ƙaunar abin da zai sa a kalle ta a titi. Da muka isa ta fito tana gyara mayafi, ta ce, "Ni dai ranar da na dawo ba mai tura ni. Motar da ya fi numfashi mai kyau, shi zai ɗauko ni." Kowa ya yi dariya, har shi Yayan. Ni ban yi ba. Na ɗauki maganar na adana.

Makaniki ya gaya wa Yaya cewa filtarsa ta takarda ce ta toshe, iska ba ta isa inji. Wani mutum da sai ya sayi sabuwa irin ta takarda ya huta. Ba Yaya ba. Yayana mutum ne da in ya sayi takalmi yana so a ji tafiyarsa tun daga kan layi. Ya tafi kasuwar kayan mota ta Abosokai ya dawo da wata jar aba mai kama da mazurari, auduga ce ninki-ninki tsakanin ragar waya, a jiƙe da wani jan mai, da 'yar kwalbar man a gefe. Ya sa aka cire akwatin tsohuwar filtar gaba ɗaya, aka ɗaura wannan a bakin bututu, tsirara a gefen inji. Da ya taka totur, sai motar nan da jiya take tari ta yi wani gurnani da ya kori kajin maƙwabta.

"Sista, kin ji?" ya ce da ni. "Wannan ba a yar da shi fa. A wanke, a sa mai, a mayar. Har jikoki na za su gada."

Washegari ban buɗe shago ba sai da na je Abosokai. Mai shagon ya baje mini iri-iri. Ya nuna mini irin ta Yaya na ce a'a, ba zan yi anko da shi ba. Na zaɓi ta soso, shimfiɗaɗɗiya, wadda ke shiga akwatin motar daidai a rufe ta ruf. Manta shuɗi ne, mai danƙo kamar zuma, in ya taɓa yatsa sai an yi da gaske yake fita. Ita ma wankewa ake yi a sake shafa mata mai. Ba ta da gurnani, ba ta da kyan gani, in an rufe bonet ba wanda zai san tana nan. Na dawo gida da ita a jaka ina murmushi ni kaɗai a cikin cunkoson shataletalen Sarkul, har mai tallan ruwa ya tambaye ni ko lafiya.

Kafin yamma magana ta kai bes, wato rumfar da mazan layinmu ke zama shan ataya a gefen masallaci. Nan aka naɗa Kawu alƙali. Kawu ƙanen Mma ne, tela ne, bai taɓa tuƙa ko keke ba, amma ba shari'ar da ake yi a layin ba da shi ba. Mace ba ta zama a bes, don haka nakan tsaya daga bakin rumfa, hannu a ƙugu, in yi ta jifa da magana.

Gwajin farko na rana ne. Kawu ya ɗaga jar filta sama ya kalli rana ta cikinta, haske ya yi ta ɓullowa ɗigo-ɗigo. Ya ɗaga tawa, duhu ƙirin. Bes ya ɗauki ihu. Yaya ya ce, "Kun gani? Inda haske ya wuce, nan iska ke wucewa!" Na ce, "Inda iska ya wuce a sake, ƙasa ma nan yake wucewa, Yaya. Injin ka zai ci tuwon ƙasa." Aka sake ihu, wannan karon nawa ne. Wallahi na ji daɗin ihun nan har tafin ƙafata.

Sai aka kawo fanka daga shagon mai aski. A kara filta a gaban fanka, a riƙe gyale a bayanta, a ga wanda zai fi tashi. Gyalen ma nawa ne, sabo, daga shago. A bayan ta Yaya ya tashi sosai, a bayan tawa ya ɗan motsa kawai kamar mai jin kunya. Wannan na yarda an ci ni, ko da yake ban faɗa ba. Cewa na yi fankar ce ta gaji.

Na uku ni na kawo shi, mai shagon Abosokai ne ya raɗa mini. A shafa basilin kaɗan a cikin bututun da ke bayan filta, a bi hanya mai ƙasa, a dawo a goga farin ƙyalle a gani. Muka ɗauki hanyar unguwar Malam, muka shiga wani lungu da ake haƙa kwata, jar ƙasa na tashi duk motar da ta wuce. Muka yi ta kai da kawowa, Kawu a motar Yaya da hanci a cikin hula. Da muka dawo bes aka goga. Ƙyallena ya fito kusan yadda ya shiga. Na Yaya ya fito da ɗan ja-ja. Ya ce man filtar ne. Kawu ya murza tsakanin yatsu, ya kai kunne ya saurara, ya ce, "Mai ba ya ƙara. Wannan yashi ne." Ranar na saya wa bes duka sukari da ganyen shayi, na koma gida ina waƙa.

Tsakanin gwaji da gwaji kuwa, wanki. Na koyi kula da soson nan fiye da yadda nake kula da lesukan shagona. In jiƙa shi a ruwan sabulu mai laushi, in matsa a hankali ba murɗawa, in ɗauraye, in shanya a inuwa har ya bushe ƙarau, don in da sauran ruwa mai ba ya kamawa. Sannan in sa shi a leda, in zuba shuɗin man kaɗan, in yi ta murzawa kamar mai kwaɓa fulawa har launi ya game ko'ina, in matse abin da ya yi yawa. Mai shagon ya ja mini kunne a kan wannan: akwai wata 'yar na'ura a bututun da ke auna iskar da inji ke sha, in mai ya yi yawa ya fantsamar mata, mota sai ta rikice. Ta Yaya kuwa ɗiga man ake yi a kan kowane ninki, a jira ya bazu da kansa. Yaya ba ya jira. Shi dai ta yi ja jawur in ya buɗe bonet a gaban mutane, don haka kusan kullum sai ya ƙara mata.

Babban gwaji shi ne hawan Mamobi, inda abin kunyar ya faru. Aka cika kowace mota da manyan mutanen bes, masu tumbi aka zaɓa, don a kwatanta nauyin Mma da tsarabarta. Kawu ya tsaya a kan tudu da carbinsa, yana jan ƙwaya tun daga tashin mota har isowarta. Da safe, da sanyin gari, Yaya ya haye da gurnani ya bar ni a baya, ya leƙo ta taga yana ɗaga mini hannu. Na ciji leɓe. Na ce a sake da azahar, bayan mun sha cunkoso, don jirgin alhazai ba ya tambayar sanyin gari kafin ya sauka. Da azahar kuwa jar filta, da ke zaune tsirara kusa da inji, zafi kawai take zuƙa. Gurnanin na nan, ƙarfin ya ragu. Tawa da ke jan iska daga waje ta cikin akwatinta ta haye sumul. Sai dai ana tsakiyar hawan wani dattijo ya zo wucewa ya gai da Kawu, Kawu kuwa ba ya yanke gaisuwa. Sai da ya tambayi gida da yara da jiki da kasuwa, sannan ya dubi carbin ya ce ya manta inda ya tsaya. Na yi tsalle a titi ina cewa kowa ya gani da idonsa. Mata masu sayar da wake da shinkafa a gefen hanya suka tafa mini.

Ina ganin na gama cin shari'a, sai ga saƙon ranar saukar su Mma. Kawu ya kira mu ni da Yaya ɗakinsa na ɗinki, ya cire tabarau. Ya ce, "'Yata, filtan ki ya yi ƙoƙari paa, ba kaɗan ba. Amma Hajiya wasa ya yi. Babban ɗa ne ke ɗauko uwa, haka muka tarar. Ke ki zo da mota ki ɗauki kaya, ki biyo baya."

Kaya. Ni da na rufe shago na sha jar ƙasar Malam, ni ce ta kaya. Na ce, "To, Kawu," don ba a yi mini tarbiyyar mayar wa kawu magana ba, amma da na shiga mota na kife kai a sitiyari na yi kuka mai isata. Na ji haushin Kawu, na ji haushin Yaya, har Mma da ke can Makka ba ta san abin da ake ciki ba na ji haushinta.

Ana gobe saukarsu Lahadi ce. Gida ya kacame da shara da fenti da wankin labule. Yaya ma ya ce filtarsa sai ta yi wankan tarba. Ya wanke ta tas, ta bushe ta koma fari-fari kamar tsohon tsumma, ya ɗauko 'yar kwalbar jan mai ya girgiza, ko ɗigo babu. Abosokai kuma a rufe. Ya zo wurina, na ce ga shuɗin nawa in yana so, ko da yake na soso ne, ya yi wa auduga kauri. Ya ce shi da shuɗi, a ranar da duk Nima za ta leƙa bonet ɗinsa? Allah ya kiyaye.

Aka kai matsalar bes. Mu mutanen Zongo, wato unguwanni irin tamu, ba mu yarda akwai abin da ya gagari dabara ba. In hannun tukunya ya karye, waya na nan. In fanka ta tsaya, a tura ta da tsinke. Wani ya ce baƙin mai na inji, aka ce zai ɓata launi. Wani ya ce man kaɗe, aka ce zai daskare. Sai wani ya ɗaga kai ya hangi mai ƙosai ta ƙofar gidanmu da galan ɗinta na manja. Nan take rumfar ta fashe da kabbara. Launi ɗaya, danƙo ɗaya, ga shi a ƙofar gida.

Na zo na tarar Yaya ya tsoma filtar nan gaba ɗaya a roba, yana juya ta kamar mai soya kifi. Na ce, "Yaya, kar ka yi! Wallahi zai kashe maka mota. Ko na kwalba ma in ya yi yawa matsala ne, balle wannan."

"Cale, abokai, ku ji ta," ya ce wa bes. "Baƙin ciki ne kawai."

Kawu ya ce, "Abin da mutum ke ci ya kwana lafiya, me zai yi wa ƙarfe?" Na ce na dai faɗa, kowa shaida ne. Gaskiya kuma filtar ta yi kyau. Ba ta taɓa yin ja irin na ranar ba.

Da safe kiyashi sun yi layi daga taya har cikin bonet. Yaya ya kakkaɓe su yana cewa su ma tarba suka zo. Muka tafi sansanin alhazai, motarsa a gaba da ƙyallaye fari da kore a madubi, tana ɗan sarƙewa in ya taka amma tana tafiya. Muka yi ta jira a rana har kwalta ta yi laushi. Sannan ga Mma cikin fararen kaya, ta rame, murya ta dushe da tarin nan na alhazai, sabon haƙorin Makka na walƙiya in ta yi dariya. Na rungume ta na ji ƙamshin turaren da ban sani ba. Kafin in ce wani abu maza sun kewaye ta, an kai ta motar Yaya an rufe ƙofa. Ni aka loda mini akwatuna da buhun dabino da jarkar zamzam har kujerar gaba, aka ce in bi a ƙarshe.

A cunkoson Kawukudi na fara jin ƙamshi. Daga can ƙarshen layi, tagogi a buɗe, ƙamshin suya sosai, irin mai tayar da yunwa. Direban trotro, motar haya, da ke gefena ya leƙo yana waige-waige yana neman mai ƙosan. Ni na san inda kaskon yake. Dariya ta taso mini, tsoro kuma ya danne ta, don Mma na ciki.

Muka karyo hawan Mamobi, mutane sun yi dafifi gefe da gefe, yara na gudu, ana kabbara. Motar Yaya ta yi gurnani ɗaya mai kyau, ta yi tari, ta sake tari, ta mutu. Kamar dai yadda ta mutu ranar tafiya. Jerin motoci duka ya tsaya, odar ma ta yi shiru. Samari suka rugo suna naɗe hannun riga, sai hannun Mma ya fito ta taga.

"Kar wanda ya taɓa."

Ta buɗe ƙofa da kanta ta fito. Ta tsaya ta shaƙi iska, ta dubi Yaya da ya riga ya ɗaga bonet yana fifita filta da hularsa, manja na ɗiga a kan inji. Ta ce, "Kai, ni ka zo ɗauka ko ƙosai ka zo soyawa?" Titi ya kwashe da dariya, har Yaya sai da ya dafa mota.

Sannan ta juyo ta fara gangarowa a ƙafa. Kowace mota ta zo wucewa sai a buɗe mata ƙofa, manyan motoci masu sanyi, na abokan babanmu, ta ɗaga musu hannu ta wuce. Kawu na binta da sauri yana cewa, "Yaya Hajiya, ga motar abokin marigayi nan, tunda al'ada..." Ta ce, "Al'ada ya mutu a kan tudu, je ka tura shi." Ni ina zaune ina kallonta tana matsowa har ta iso tagata.

"Naki yana numfashi?"

"Yana numfashi, Mma."

Ta zagaya ta buɗe gaba, ta ɗaga jarkar zamzam ta zauna ta ɗora ta a cinya. Samarin da suka zo turi suka koma masu ba da hannu, motoci suka rinƙa matsawa bakin kwata suna ba ni hanya. Na sa giya ina addu'a a zuci, soson nan kada ka ba ni kunya. 'Yar motata ta haye tudun da kaya da komai, ba gurnani ba tari. Da muka zo daidai Yaya, ya bar motarsa a hannun yaran bes, ya buɗe baya ya cusa kansa a kan buhun dabino, ƙafa ɗaya a waje, hannu duk manja. Ya leƙa ta taga ya ɗaga kabbara da muryar da ta fi ta kowa, sauran motoci suka biyo mu.

Ina ta dariya ina share ido da gefen gyale. Da muka kusa kwanar layinmu na rage gudu, don ban so tafiyar ta ƙare ba. Na hango hayaƙin tukwane ta kan katangarmu, mata sun fara leƙowa. Mma ta dafa hannuna a kan giya.

"Ranar babanku," ta ce a hankali, da dusasshiyar muryarta, "na gan ki kin fito da gudu da wuƙan albasa a hannu, an riga an shiga da shi. Ban manta ba."

Na juya na dube ta. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ban san ta gani ba.

"Kar ki shiga layi tukuna," ta ce. "Zagaya ta kasuwa. Kuma wannan mota naki ya cika shiru, danna oda mana."

Na wuce kwanar gidanmu na miƙe hanyar kasuwa, duk jerin motocin a bayana, na ɗora tafin hannuna a kan oda ban ɗaga ba.